Kawu, Mai Ƙwace Baƙar Waya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu ya rasu ranar wata Talata cikin damina, aka kai shi makwancinsa a Gwaram kafin azahar. Ƙanin mahaifiyata ne, kuma shi kaɗai ya rage mata cikin waɗanda suka sha nono ɗaya. Sana'arsa haɗa sifika, a masallaci ko a makarantar Islamiyya, amma an fi saninsa da aikin cikin gida. Yakan ja waya daga falo zuwa ɗakin tsohuwa ko na mara lafiya don su ma su ji karatu da labarai, ya bi da ita ta gindin bango har ka rantse babu komai a wurin. Na ɗauki biro ne don ina tsoron nan da 'yan shekaru a ce ai wani tsoho ne mai rikicin waya, a manta da dalilin rikicin.

Ban taɓa zaman makokin da aka yi dariya a cikinsa kamar nasa ba, kuma duk wanda ya dara sai ka ga ya kai hannun riga ido. Ladanin unguwarsu ne ya fara.

"Tun ina da baƙin gashi nake kiran salla da abin da ya haɗa mana," in ji shi. "Wallahi yau in kuka ce in nuna muku ta inda wayar ta bi, sai dai in yi muku ƙarya."

Wani direba da ke jigila tsakanin Gwaram da Kano ya karɓe. "Ni kuwa saura kaɗan mu je gaban mai unguwa. Na dawo daga hanya na tarar Malam ya shiga falona, ya cire wayar sifikata, sabuwa dal, ya naɗe ya yi gaba da ita. Na bi shi gida ina huci. Bai ce min komai ba sai, 'Alhaji, zauna ka sha fura.' Kashegari ya zo da farar waya, ya yini a durƙushe. Har ɗakin tsohuwata ya ja mata, ban ma roƙe shi ba. Tawa kuwa har ya koma ga Allah bai ba ni ba."

Aka kwashe da dariya. Wani da ya zo daga Kangire ya ce shi ma haka aka yi masa, wani ya ce shi sau biyu ma. Ni ban yi dariya ba. Dalili kuwa, na baro baƙar waya shimfiɗe a gidana na Birnin Kudu, tun daga falo har ɗakin Inna, mahaifiyata. Ni na ja ta da hannuna, kuma a kanta muka rabu baram-baram da Kawu. Wannan faɗan shi ne maganarmu ta ƙarshe.

Da mutane suka ƙaru, matar Kawu ta aiko in shiga ɗakin kayan aikinsa in ɗebo tabarmi. Ɗaki ne da ba ya barin kowa ya shiga. Na tura ƙofa, na tsaya cak. Bango uku cike da ƙusoshi, kowace ƙusa da naɗin baƙar waya a rataye, tun daga daidai ƙirjina har kusa da rufi. Babu ko ɗaya da ta sauko kusa da ƙasa. Na san wayoyi ne, amma sai da tsigar jikina ta tashi. Kusa da ƙofa akwai wani naɗi da aka ɗaure mahaɗarsa da koren salatif. Idona ya ɗan tsaya a kansa, sai aka ƙwala min kira daga waje, na suri tabarmi na fita.

Daga baya na tambayi matarsa me ya sa yake tara su. Ta ce, "Cewa yake in ya mayar wa masu su za su sake shimfiɗawa, in ya zubar a bola yara za su tsinta su kai gida. Sai ya ce su zauna a sama inda yake ganinsu."

Muna yara tsoronsa muke ji, ba don yana duka ba. Bai taɓa ɗaga wa ɗayanmu hannu ba. Yadda yake shiga gida ne abin tsoron. Kowa in ya yi sallama fuskar mutane yake kallo, shi kuwa ƙasa. Sai ya bi gindin bango da ido, kusurwa-kusurwa, bayan ƙofa, gefen randa, kana gaishe shi yana amsa "lafiya, lafiya" bai ma san wa ke magana ba. Sai ya gama zai ɗago ya ce, "Af, ɗan Yaya, ashe kai ne." Ba ya sa takalmi sai ya kife shi ya buga sau biyu. Ba ya kiran maciji da sunansa, sai dai ya ce "mugun abu". In ya ga igiyar guga yashe a tsakar gida sai ya ɗauka ya rataye, sannan ya nemi wanda ya yar. Inna takan tsokane shi ta ce, "Auta, da za a ba ka sarauta, ta duba ƙasa za a naɗa ka." Shi kuma ya ce, "Yaya, ki bar ni da halina."

Ina ɗan shekara goma na yi masa wata mugunta da har yau nake jin kunyarta. Na yanko baƙar robar taya, doguwa, na miƙar da ita a gindin bangon zaurenmu, na laɓe ina jiran in sha dariya. Kawu ya yi sallama ya shigo. A daidai lokacin ƙanwata ta fito da gudu za ta tarye shi. Ban san mutum zai iya yin tsalle irin wannan ba. Ya sure ta sama, ya faɗa waje da ita, hularsa ta yi gefe. Da ya gane roba ce sai ya zauna a ƙasa a ƙofar gida, jikinsa na kaɗawa, gumi na zuba, ya kasa magana. Dariyar da nake jira ba ta zo ba. Inna ta fito da bulala, shi ya riƙe hannunta. Ya ce, "Bar shi, Yaya, bai sani ba." Da zai tafi har rake ya saya min, na karɓa amma na kasa sha.

Sau ɗaya na zauna na kalli aikinsa daga farko har ƙarshe, bayan na girma, a gidan wani abokin aikina da ya sayo sifikoki. Kowane mai haɗa waya daga wajen na'ura yake farawa. Kawu daga ɗakin wanda ya fi kowa rauni a gidan yake farawa, ya biyo baya. Na tambaye shi dalili, ya ce, "In wani abu ya tsayar da ni aiki bai ƙare ba, gara a ce wajen tsohuwa ne ya kammala." Da farar waya kawai yake aiki. Yakan ɗora ta a bakin sikatin, wato layin tayil ɗin nan da ke zagaye gindin bango, ya kama ta da fararen kilif, 'yan maƙalan roba masu ƙusa, tsakanin kowane biyu taƙi ɗaya na hannunsa, ba ƙari ba ragi. Ba ya yarda waya ta ƙetare bakin ƙofa ta ƙasa, ba ya kuma cusa ta ƙarƙashin kafet. Sai ya hau da ita ta zagaye saman ƙofar ta sauko ta ɗaya gefen. In ya huda bango, kafin ya tashi sai ya kwaɓa siminti a murfin gwangwani ya toshe hudar. A ƙarshe ya nemi ragowar fentin gidan, ya bi wayar da ɗan buroshi har ta ɓace cikin bango. In babu ragowa, ya haɗa kalar da kansa.

Abokin nawa ya gaji da jira, ya ce, "Baba, ai kwalliyar nan ta yi yawa."

Kawu bai ko ɗago ba. Ya ce, "Ba kwalliya nake yi ba."

Ni kuma a raina na ce tsufa ne kawai da son a yaba.

Bara idon Inna ya yi yana, har ya zama ba ta ganin komai sai haske da duhu. Na ɗauko ta na dawo da ita wurina a Birnin Kudu, inda nake koyarwa. Zaman ɗaki ya dame ta, sai na je Kano na sayo sifikoki, biyu na falo, ɗaya ta ɗakinta, don in na sa tafsiri ta riƙa ji tana kwance. Mai shagon ya ba ni baƙar waya mai kaurin ɗan yatsa, ya ce ta fi ɗaukar sauti. Na san da Kawu, na kuma san halinsa, shi ya sa ma ban kira shi ba. Na ce wa matata in ya zo sai ya kwana uku yana durƙuso muna dafa masa abinci, a kan aikin da zan gama kafin la'asar. Ni fa malamin kimiyya ne, waya ɗaya ba za ta gagare ni ba. Na ja ta ta gindin bango, ta bi ta lungun da ya haɗa falo da ɗakin Inna, na lanƙwasa mata ƙusa nan da can. Da ta gaza na yi mata ƙari na naɗe da salatif.

Sauti ya fito, Inna ta sa min albarka, na yi kwana biyu ina jin kaina. Sai dai a lungun nan wayar ba ta zama. Kullum sai ta zame daga ƙusa ta kwanta a ƙasa, har kowa ya saba, in ka gan ta ka sunkuya ka mayar. Inna ma da take ganin duhunta a kan farin tayil, sai ta lalubo ta ta ɗauke don kada ta harɗe mata ƙafa.

Da damina ta kama, Kawu ya zo duba yayarsa. Ya yi sallama, ya bi ƙasa da ido kamar kullum, sai na ga ya daskare a bakin lungun.

"Wa ya ja wannan?"

"Ni ne, Kawu. Ai tana aiki lafiya."

"Yayata ta nan take bi?"

"Kullum."

"In ta faɗo wa ke ɗagawa?"

Inna ta amsa daga ɗaki, "Kowa ma, har ni."

Ya dafa bango. Sannan ya buɗe jakarsa ya ciro filaya. Nan zuciya ta ɗebe ni, ga matata tsaye tana kallo za a tsinke aikina a gidana. Na sha gabansa.

"Kawu, don Allah ka bari. Nan fa gidan siminti ne da tayil, ba ɗakin ƙasa na ƙauye ba. Wannan tsoron naka ya isa haka. Ka bi ka hana kowa sakat."

Ban taɓa ganin fuska ta mutu kamar tasa ba. Ya mayar da filayar, ya zuge jaka a hankali.

"Ɗan Yaya, bayan katangarka gonar dawa ce ko ba ita ba ce?"

Ita ce kuwa.

"Ni ban isa in hana mugun abu shigowa ba," in ji shi. "Siminti ma bai isa ba. So nake in ya shigo a gane shi."

Ya leƙa ya yi wa Inna sallama ya tafi. Tuwon da aka zuba masa ko buɗewa bai yi ba.

Inna ta kira ni ɗakinta. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi min sauƙi.

"Ka san yana da 'ya kafin yaran nan da ka sani?"

"Na ji an ce ta rasu tana ƙarama."

"An gaya maka abin da ya kashe ta?"

"An ce maciji ne."

"To rabi aka gaya maka."

Ta ce a lokacin yana matashin magidanci, bai daɗe da koyon sana'a ba. Ya ja baƙar waya daga rediyonsa na zaure zuwa ɗakin matarsa, ta gindin bango. Yarinyar shekararta shida, an fara koya mata shara. Shi da kansa ya nuna mata: in kin zo wajen wayar Baba, ki ɗaga ta da hannu, ki share ƙarƙashi, ki ajiye. Kullum haka take yi, yana yaba mata. Wata safiya da damina, an wayi gari bayan ruwa, ta ɗauki tsintsiyarta, ta zo wajen, ta sunkuya ta ɗaga.

"Yana zaure ya ji ihunta," in ji Inna. "Abin da take ta faɗa kawai shi ne, 'Baba, wayarka ta cije ni.' Ya saɓa ta a kafaɗa ya yi bakin hanya da gudu. Sun sami mota, amma ba su kai Birnin Kudu ba. Tun daga ranar bai sake kiran sunanta ba, bai kuma sake barin baƙar waya a ƙasan gidan da ƙafarsa ta taka ba. Kai kuma yau ka ce masa tsoronsa ya isa."

Robar tayar nan ta faɗo min a rai, da raken da na kasa sha. Na tashi na fita daga ɗakin.

Ya kamata a ce a ranar na tsinke wayar. Ban yi ba, kuma ba zan ɓoye ba tun da shi nake rubuta wa. Na ce sai Asabar in sayo fara. Asabar ta zo aka yi ɗaurin aure. Na ce in na cire yanzu Inna za ta rasa tafsirinta. Gaskiyar kuwa ita ce kunya nake ji a ce Kawu ya yi gaskiya a gaban matata. Na hana Inna taɓa wayar, ta ce to, amma hannu ya riga ya saba. Tsoro kuwa ya shige ni ya zauna. Ina cikin aji ina rubutu a allo sai in ga lungun nan a idona, in ga Inna ta sunkuya, alli ya tsaya a hannuna har ɗalibai su fara kallon juna. In hadari ya haɗo ina makaranta sai hankalina ya koma gida. Na sha nemo lambar Kawu don in ba shi haƙuri, sai in ce bari in gyara tukuna, in kira shi da labari mai daɗi.

Ana haka aka tura ni Dutse aikin duba takardun jarrabawa na mako biyu. Saura kwana uku in gama, matata ta kira ni da hantsi ta ce Kawu ya cika. Ashe ya daɗe yana fama da ciwon ƙirji, ya hana a faɗa. Daga Dutse na wuce Gwaram kai tsaye, su Inna kuma suka kulle gida suka same ni a can.

Kwana bakwai muka yi, kullum sai an yi ruwa. Ina zaune a tabarma ana yi min ta'aziyya ina amsawa, hankalina yana kan gidan da ke kulle, da ciyawar da ke tsirowa a bayansa, da dawar da ta kai kan katanga. Inna ba ta magana sosai, kuka ya kumbura mata ido. Na kasa ɗago maganar waya da ita ko da matata, don da wane baki zan fara. Ranar uku matar Kawu ta ce min, "Kwana biyu kafin ya kwanta ya fita tun safe da jakarsa. Na hana shi, ya ƙi. Ya dawo da magariba ko hannu ba ya iya ɗagawa. Na ce ina ka je, ya ce wani aiki ne da ya rage masa." Na ɗauka wani masallaci ne.

Ranar da muka koma gida bayan la'asar ne. Hadari ya haɗo, gari ya yi duhu, kuma babu wuta. Na buɗe ƙofa, warin danshi ya tare mu. Matata ta tsaya a waje tana sauke kaya daga mota. Na riƙo Inna, ta dafa kafaɗata, muka ratsa falo muka nufi ɗakinta. A bakin lungun na hango ta, baƙa, miƙe a gindin bango, daidai inda ta saba faɗowa.

Na yi tsaki. Duk tsoron da na yi makonni ina fama da shi, a wannan lokacin bai zo min ba. Abin da hannuna ya saba shi ne ya zo. Na ce, "Wayar nan ta sake faɗowa." Na saki Inna na sunkuya.

Ta damƙi wuyan rigata ta baya da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Wace waya?"

"Ta sifikarki mana, Inna."

"Kada ka motsa." Muryarta ta yi ƙasa. "Babu baƙar waya a gidan nan. Kawunka ya zo kana Dutse, ya cire ta duka, ya naɗe ya tafi da ita. Ya kama hannuna ya bi da shi jikin bango tun daga ɗakina har falo. Ya ce, Yaya, daga yau duk baƙin da kika gani a ƙasa, ba nawa ba ne, ba na ɗanki ba ne."

Tsakanin yatsuna da abin bai kai taƙi biyu ba. Sai koren salatif ɗin nan ya dawo min, wanda na gani rataye a ɗakin Kawu. Shi kaɗai na samu a shago ranar da na yi wa wayar ƙari. Ina cikin wannan tunanin, ƙarshen abin da ke gabana ya ɗago daga kan tayil a hankali, ya fasa kai.

Ban san yadda muka koma baya ba. Inna ce ta ja ni, taku ɗaya-ɗaya, tana salati ƙasa-ƙasa, ita da ba ta gani tana jan mai ido biyu. Sai da muka kai ƙofar falo na sami murya. Maƙwabta suka shigo da sanduna suka kashe shi. Kumurci ne, bai gama girma ba, kaurinsa bai wuce na wayar da mai shago ya yaba min ba. Wani dattijo cikinsu ya ce ta ƙarƙashin ƙofar baya ya shigo, gudun ruwa. Na zauna a ƙasa a ƙofar gidana, jikina na kaɗawa, gumi na zuba, na kasa ce musu ko sannu.

Da na dawo hayyacina na tambayi matata me ya sa ba a gaya min ba. Ta fashe da kuka. Ta ce, "Shi ya hana. Ya ce kada a kira ka, a bari ka dawo ka nema da idonka, in ka gano ta inda ya bi ya yarda kai malamin kimiyya ne. Sai rasuwa ta zo, wallahi na manta."

Kashegari da safe na durƙusa na nema. Na fara daga ɗakin Inna, don na san daga nan ya fara. Ido bai nuna min komai ba, sai da na shafa da hannu na same ta, kwance a bakin sikatin, an shafe ta da fenti kalar bangon. Kilif bayan kilif, taƙi ɗaya, taƙi ɗaya. Ta hau saman ƙofa ta sauko. Hudar da na yi a bango na bari a buɗe, an toshe ta da siminti an goge. Lungun duka haka yake, tsaf. Na shigo falo ina rarrafe, sai da na zo bayan kujerar da nake zama aikin ya canza. Taƙin ya fara faɗi, wani ya yi kusa, wani ya yi nisa. Kilif biyar na ƙarshe duk a karkace suke, ɗaya ma ƙusarsa ta lanƙwashe an sake bugawa a gefe. Fenti ya ɗiga a kan tayil ya bushe. Kawu bai taɓa barin ɗigon fenti a gidan kowa ba.

"A kwance ya ƙarasa wajen nan," in ji Inna daga bakin ƙofa. Ashe motsina take bi. "Ya kishingiɗa a gefe ɗaya, ya buga ya huta, ya buga ya huta, ina jin numfashinsa daga nan. Na ce, Auta, ka bari haka, ai wajena ya kammala. Ya ce, saura wajen yaron."

Na wuce shekara arba'in, ina da furfura a gemu, kuma na gaya masa maganar da ta fi kowace ciwo a gaban iyalina. Na kifa goshina a jikin bangon na yi kukan da ban yi a Gwaram ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya yalwata masa makwanci, ya sada shi da 'yarsa a inda babu abin tsoro a ƙasa. Wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a, in ya tashi kuma ya duba gindin bangon gidansa. Kilif biyar ɗin nan suna nan a karkace a bayan kujerata. Matata ta ce in kira wani ya daidaita su, na ce a bar su haka.